Daga Jidda zuwa Gidigir: wa ke riƙe da tiyar da ake auna mata da ita?

Duk wanda ya taɓa zama bakin kaya ya san cewa abin da ke saman buhu ba lallai ne shi ke gindinsa ba. Mai tumatir manya take jerawa a saman kwando, mai dabino ma masu sheƙi yake ɗorawa a bakin tiya. Shi ya sa mai sayen da ya san ciwon kuɗinsa ba ya biya sai ya cusa hannu can ƙasa ya damƙo ya duba. To, aikin jarida ma kasuwa ne. Hoton shafin farko shi ne saman kwando, kanun labari kuma shi ne kirarin talla. Abin da nake so mu tattauna a yau shi ne yadda ake jera mata a saman wannan kwando. Zan fara da matan Saudiyya, ƙasar da kowannenmu ke burin takawa, sannan in dawo gida Gidigir da sauran ƙasar Damagaram, domin da tiya ɗaya ake auna mu da su.

Shekara da shekaru, in jaridar Turai ko ta Amurka za ta buga labarin matan Saudiyya, kusan hoto ɗaya ake gani: mace cikin baƙar abaya, an ɗauko ta daga baya ko an nuno idanunta kaɗai. Ba suna, ba sana'a, ba a san ko likita ce, ko malamar makaranta, ko mai kanti ba. Ita kaɗai aka ɗora wa nauyin wakiltar miliyoyin mata. A rubutun da ke ƙarƙashin hoton kuwa, ku lura da ƙaramar kalmar nan "an". An hana su, an tsare su, an ƙyale su, an ba su dama. Kullum wani ne ke aikatawa, ita kuwa macen kamar buhun hatsi a bayan mota, sai inda aka sauke ta.

Kada a fahimce ni baibai. Dokokin da ake kuka da su ba ƙage ba ne. An daɗe ana hana matan Saudiyya tuƙa mota, kuma kafin 2019 mace ba ta samun fasfo ta yi tafiya sai da yardar waliyyinta. Amma ina labarin waɗanda suka tashi tsaye? Ranar 6 ga Nuwamba 1990, mata 47, cikinsu har da malaman jami'a, suka tuƙa motoci a titunan Riyad da gangan don nuna ƙin wannan hani. An kama su, wasu suka rasa aikinsu na wani lokaci. A Nuwamban 2005, 'yan kasuwar Jidda suka yi zaɓen shugabannin majalisarsu ta ciniki da masana'antu, mata biyu, Lama al-Sulaiman da Nashwa Taher, suka ci kujeru, alhali akasarin masu jefa ƙuri'ar maza ne. Lubna Olayan ta shafe shekaru tana jan ragamar ɗaya daga cikin manyan kamfanonin ƙasar, kuma a 2019 ta zama shugabar hukumar gudanarwar wani babban banki. Jami'ar Gimbiya Nura da ke Riyad ana lissafa ta a matsayin jami'ar mata mafi girma a duniya. Duk waɗannan suna nan lokacin da hoton baƙar abaya ke cin kasuwarsa, sai dai a gindin buhu aka bar su.

A cikin Saudiyyar kanta kuma, wata irin cutar ake yi musu: ɓoye su gaba ɗaya. A 2012 aka gano cewa kamfanin kayan ɗaki na IKEA ya goge hotunan mata daga littafin tallarsa da ya rarraba a ƙasar. Hoton da a wasu ƙasashe ya nuna uba da uwa da 'ya'ya, a bugun Saudiyya sai ga uba da 'ya'ya, uwar ta ɓace. Da surutu ya yi yawa kamfanin ya fito ya nuna nadama. Ke nan a waje an mai da mace baƙar inuwa, a gida kuma an share ta daga hoton ɗakinta.

Sai kasuwa ta juya. A Satumban 2017 Sarki Salman ya ba da umarnin ɗage hanin tuƙi, ya fara aiki ranar 24 ga Yuni 2018. Nan da nan aka sauya kayan saman kwando. Hoton da ya cika jaridun duniya ya koma na mace tana murmushi, hannunta a kan sitiyari. Mujallar Vogue Arabia ta watan Yuni 2018 ta sa Gimbiya Hayfa, 'yar marigayi Sarki Abdullah, a bangonta, zaune cikin jar mota marar rufi a tsakiyar hamada. Hoto ne mai kyau, ba ja. Amma a watan Mayun wannan shekarar, makonni kaɗan kafin a fara tuƙin, an kama wasu daga cikin matan da suka daɗe suna fafutukar neman wannan dama, cikinsu akwai Lujain al-Hathloul da Aziza al-Yusuf da Iman al-Nafjan. Lujain ba ta fito ba sai a Fabrairun 2021. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Canje-canjen da aka samu na gaske ne, kada mu rage wa kowa hakkinsa. A 2013 an naɗa mata 30 cikin majalisar shura mai mutum 150, a 2015 mata sun kaɗa ƙuri'a sun kuma tsaya takara a zaɓen ƙananan hukumomi, kuma matan da ke cikin kasuwar aiki sun tashi daga ƙasa da kashi 20 cikin 100 a 2017 zuwa sama da kashi 30 a 'yan shekarun nan. Abin lura shi ne, da hoton abaya da hoton sitiyari duk don sayarwa aka zaɓe su. Na farko yana sayar wa Bature tunanin cewa ya fi kowa wayewa, na biyu yana sayar wa masu zuba jari da 'yan yawon buɗe ido sabuwar Saudiyya.

Akwai kuma matan da ba su shiga ko ɗaya daga cikin hotunan nan biyu ba, kuma alhazanmu sun fi 'yan jaridar London sanin su. Akwai 'yan aikin gida da suka zo daga Filifin, Habasha, Kenya, Yuganda da ƙasashenmu, waɗanda tsarin kafala ya daɗe yana ɗaure su a hannun iyayen gidansu. Akwai masu sayar da abinci da 'yan kayayyaki a unguwannin Makka da Jidda, da za ka ji suna ciniki da Hausa tsantsa. Akwai 'yan ƙasa haifaffun can, jikokin alhazan da suka tafi a ƙasa ta Barno da Chadi da Sudan, masu amsa sunan Hausawi da Fallata da Barnawi. Mace ta farko 'yar Saudiyya da ta je sararin samaniya a watan Mayun 2023, masaniyar binciken cututtuka ce mai suna Rayyana Barnawi, kuma a ƙasar Hijaz wannan suna na waɗanda asalinsu ya fito daga Barno ne. Mutanen Gure da Mangari, da tarihinsu ke haɗe da Barno, ya kamata a ce sun ji wannan a rediyonsu. Amma mu a nan, yaushe ake ambaton matanmu da ke Saudiyya in ba an kamo su an cika jirgi da su ba? A Satumban 2012, da aka tsare mata maniyyata 'yan Najeriya wajen dubu a filayen jirgin Jidda da Madina kan batun muharrami, har Najeriya ta dakatar da jigilar alhazai na ɗan lokaci, lissafi kawai aka riƙa ji, ɗari kaza an tsare, ɗari kaza an maido. Daga baya hukumomin Saudiyya sun janye wannan sharaɗi, amma kalmar "'yar takari" na nan tana bin duk macen da ta je neman halalinta.

Yanzu mu dawo gida. Idan matar Saudiyya an ba ta baƙar abaya, ita matar Nijar me aka ba ta? An ba ta ƙwarya wayam da yaro a cinya, haƙarƙarinsa a waje, ƙuda na bin idonsa. Wannan hoto ya kafu ne a 2005. Bayan fari da farin ɗango na 2004, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 3.6 na fama da ƙarancin cimaka a ƙasar. Ta nemi taimako tun a watan Mayu, duniya ta yi kunnen uwar shegu. Sai a watan Yuli, da tashar BBC ta nuna hotunan yara a cibiyoyin kula da tamowa, kuɗi suka fara shigowa. A watan Agusta sakataren Majalisar, Kofi Annan, ya sauka Damagaram da kansa.

Abin da hoton nan bai nuna ba, ku 'yan kasuwa kun fi kowa saninsa. A 2005 kasuwanni ba su rasa hatsi ba. Hatsi na nan jibge, kuɗinsa ne ya fi ƙarfin talaka, buhun gero ya ninka farashinsa ko fiye, su kuma bisashe suka faɗi warwas, ta yadda akuyar da a da za ta sayo buhu ta koma ba ta sayen rabinsa. A farkon wannan shekarar ma an ɗora harajin kashi 19 cikin 100 a kan wasu kayan masarufi, har jama'a suka fito zanga-zanga aka rufe kasuwanni a watan Maris. Ashe ke nan labarin yunwar 2005 labarin kasuwa ne. Wa ya fi mai awo da mai fura da mai ƙosai sanin ranar da tiya ta tashi da dalilin tashinta? Da an tambaye su tun da wuri, da sun faɗi abin da ke tafe. Amma aka wuce su a bakin kasuwa, aka zarce likita neman yaron da ya fi kowa rama.

Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta tashi daga Damagaram ta bi ta Mirya da Gidimuni ta nufi Gure da Difa, ya tsaya Gidigir ran kasuwa, zai ga abin da ba ya shiga hoto. Zai ga kayan da ke fitowa daga kwaruruwan yankin, dabino, rogo, rake, kanwa, da tabarmi da faifan da aka saƙa da kabar goruba. Zai ga Bafulatana da nono da man shanu, Bamangiya da Bahaushiya a bakin kayan miya, kowacce da lissafinta a ka, ta san wanda ta ba bashi da ranar da zai biya, ba tare da ta riƙe alƙalami ba. Zai ji cewa a aikin kafa shinge da dashen itatuwa don tare rairayin da ke neman binne kwaruruwan nan, mata na cikin masu ɗaukar rana. Cikin waɗannan matan akwai masu ciyar da gida, da masu biyan kuɗin lakwal da na magani, da waɗanda suka kai kansu Makka da ribar ƙuli-ƙuli da kiwon raguna. Mai ɗaukar hoto kan bar su duka ya nemi wadda ta fi kowa yagaggen zane, domin ita ce za ta sayu.

Wani zai ce, to ba hoton nan ne ya ceci rayuka ba? Gaskiya ne, kuma ba na cikin masu cewa a rufe kyamara. A watan Agustan 2005 shugaba Mamadu Tanja ya shaida wa BBC cewa babu yunwa a Nijar, jama'a a ƙoshe suke, kuma a 2006 gwamnati ta janye wa wata tawagar tashar izinin aiki kan batun. Wannan ma jera manyan tumatir ne a saman ruɓaɓɓu, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mutum 92 da aka tsinci gawarsu a hamada kusa da iyakar Aljeriya a Oktoban 2013, akasarinsu mata da yara daga ƙasar Kance, dole a ba da labarinsu. Haka matan da wata tashar talabijin ta Senegal ta nuna suna bara a titunan Dakar a Maris 2022, har aka kwaso mutum sama da dubu a jirgi aka maido su gida. Ƙorafina shi ne rabin labari. An nuna hannun da ke roƙo, ba a tsaya an nuna gonar da gādo ya tsattsaga har ta kasa ciyar da gida ba, ko bashin da ya kore ta, ko wanda ke cin riba a safarar.

Ana iya faɗin gaskiya mai ɗaci ba tare da an tuɓe wa mace mutuncinta ba. Ku dubi Hadijatu Mani, wadda aka sayar tana da shekara 12. Da taimakon ƙungiyar Timidria ta kai ƙasar Nijar ƙara kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, kuma ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun ta ce ƙasa ta gaza kare ta daga bauta, ta yanke a biya ta diyyar sefa miliyan 10. Labarinta ya fi na kowa ɗaci, amma duniya ta san ta da sunanta, da bakinta, a matsayin wadda ta kai ƙara ta kuma yi nasara. A nan ba a ce "an" ba, "ta" aka ce.

Mai karatu zai iya tambaya, ina ruwan mai sayar da daddawa da abin da aka buga a Paris? Da ruwanta, domin hoto na komawa kuɗi. Wadda aka sani da roƙo, sadaka ake kawo mata, buhun shinkafa da gidan sauro, a ɗauki hoto a tafi. Wadda aka sani da sana'a ita ake ba jari, a zauna da ita a yi maganar rumfa da haraji da hanyar fitar da kaya. Ma'aikacin banki, da mai ba da biza, da jami'in kan iyaka, duk da hoton da ke kansu suke kallon wadda ke tsaye gabansu. Abin takaici, tsarin asusun nan na Mata Masu Dubara, inda mata ke zuba ɗan abin da suka samu kowane mako su ranta wa juna, a ƙasar Maradi aka fara shi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, kuma yau ƙasashe da dama na Afirka da Asiya sun kwaikwaye shi. Duniya ta ari dubarar matan Nijar, amma hoton da take rataye da shi na mai ƙwarya wayam ne.

Kuma kada mu ɗora wa baƙi laifin duka. Akwai wani bincike da ake yi duk shekara biyar, inda a rana ɗaya ake ƙirga mutanen da suka fito a labaran ƙasashe da dama. A 1995 mata kashi 17 ne cikin 100, a 2020 suka kai kashi 25. Wato cikin mutum huɗu da ake ji ko ake gani a labarai, ɗaya ce mace. Ku saurari gidajen rediyonmu ku ƙirga da kanku. In farashi ya tashi, shugaban 'yan kasuwa ake kira. In an yi rabon kaya, mata ake jerawa su yi guɗa su gode wa mai girma. Sai ranar 13 ga Mayu a tuna da su, ranar da a 1991 matan Yamai suka yi maci don an ba su kujera ɗaya tak a kwamitin shirya babban taron ƙasa, har aka ƙara musu. A 2012 kafofin watsa labaran Nijar sun sa hannu kan wata yarjejeniya ta kyautata yadda ake nuna mata. Takarda ta yi kyau, saura aiki. Ga kuma sabuwar fitina, yau kowane yaro mai salula ɗan jarida ne. Ya ɗauki tsohuwa tana gyangyaɗi a bakin kayanta, ko mata biyu suna cacar baki, kafin la'asar an gan su a WhatsApp da TikTok har Kano da Agadas.

Don haka shawarata ga iyayenmu mata ita ce, ku riƙa yi wa hoto irin cinikin da kuke yi wa kaya. In an nuna muku hoton matar Saudiyya, ko ta Afganistan, ko ta ƙauyen da ke kusa da ku, ku tambaya: wa ya ɗauka, a ina, wace shekara? An faɗi sunanta? An ji ta bakinta, ko wani ne ya yi magana a madadinta? Me aka yanke a gefe? Wa zai ci riba in na yarda? Addininmu ma ya hore mu da bincika labari kafin mu yi aiki da shi. In kuwa ku aka nufa da kyamara, ko ɗan jarida ne ko mai furoje, kuna da ikon tambayarsa sunansa, da gidan da ya aiko shi, da inda hoton zai je. Kuna da ikon cewa a'a, musamman a gadon likita da yaro ba lafiya. In kun yarda, ku gyara ɗaurin kallabi, ku tsaya a bakin kayanku, ku ce a rubuta sunanku da sana'arku, kuma a naɗi maganarku.

Ina kira ga 'yan uwa 'yan jarida na Damagaram da Gure, musamman gidajen rediyon karkara, su ware fili kowane mako inda mai awo da mai nono da mai kanwa za su faɗi farashi da bakinsu, su faɗi dalilin hawa da sauka. Ƙungiyoyin agaji kuma, duk hoton mai karɓa da za su aika wa masu ba su kuɗi, su haɗa da na mai sayarwa. Shugabannin kasuwa su ja kunnen samari kan ɗaukar mutane ba da izininsu ba. Su kuma alhazai maza da ke riƙe da manyan rumfuna, in ɗan jarida ya zo, ba faɗuwa ba ce su nuna masa Hajiyar da ta fi su sanin kan hatsi.

Uwar muminai Nana Khadija 'yar kasuwa ce da ayarinta ke zuwa Sham, kuma malaman tarihi sun ruwaito cewa Sayyidina Umar ya ɗora Shifa'u 'yar Abdullahi a kan wani sashe na lamarin kasuwar Madina. Da sunansu da aikinsu aka adana su, shi ya sa har yau muke ambaton su. Jikokinsu na Jidda da na Gidigir ba su cancanci ƙasa da haka ba. Allah Ya sa albarka a nema, Ya kare mutuncin iyayenmu mata, Ya ba masu alƙalami ikon cika mudu. Amin.